An karɓe wayar ɗiyata a makaranta, wai sai ƙarshen zango

Baban_Walida:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na san akwai malamai da iyaye a nan, shi ya sa na kawo maganar. Ɗiyata tana aji biyar a wata sakandaren jeka-ka-dawo cikin Gusau, mu kuma muna zaune can wajen Damba, sai ta hau Keke biyu kafin ta isa. Saboda halin da ake ciki na saya mata ƙaramar waya, irin rakani-kashin nan, ko hoto ba ta ɗauka. Jiya ana tsakiyar darasi wayar ta yi ƙara a jaka. Uwarta ce ma ta kira, ta ɗauka an tashi. Malami ya karɓe. Na je da kaina da safen nan, mataimakin shugaban makaranta ya jawo min durowa cike da wayoyi, kowace an manna mata takarda da suna, ya ce doka ce, sai ƙarshen zango. Har yana cewa in gode Allah, bara da guduma ake fasa su a gaban asambili. Don Allah wannan daidai ne? Ni ban ce a bar yara su yi ta latse-latse a aji ba, amma wadda uba ya bayar don ya ji lafiyar ɗiyarsa fa?

Sarkin_Yaƙin_Tudu:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka yi haƙuri, amma sun yi daidai. Mu da muka yi karatu ba waya mutuwa muka yi?

UmmuSudais:
@Sarkin_Yaƙin_Tudu a zamaninku an taɓa shiga makaranta an kwashe yara kusan ɗari uku a dare guda? Wanda yake Zamfara a watan Fabrairun 2021, ranar da aka wayi gari da labarin Jangebe, ba zai yi wannan tambayar ba. Ni nawa uku ne a sakandare, kuma wallahi in ƙarfe biyu ta gota ban ji sallamarsu ba, tuwon ma ba ya tuƙuwa.

Malam_Mai_Lissafi:
Baban Walida, ni malami ne, shekarata goma sha huɗu da alli a hannu, bari in faɗa maka yadda abin yake daga inda muke tsaye. Ƙarar wayar ɗiyarka ba ita ce matsalarmu ba. Matsalar ita ce ajina ya haura mutum tamanin, wasu a kan benci, wasu a ƙasa. Ranar da na ce ƙaramar waya ta halatta, ba ni da idon da zan bi jaka tamanin in tantance wace ce ƙarama wace ce babba. Kuma yaran nan sun fi mu wayo nesa ba kusa ba. Ƙaramar ake nuna wa malami, babbar tana cikin safa ko ƙarƙashin hijabi. Na taɓa kama yaron da ya cire layi daga ƙaramar wayar da babansa ya ba shi, ya sa a Android ɗin abokinsa, su biyar sun haɗa kai a bencin baya suna duba sakamakon ƙwallon da suka zuba wa kuɗi. Ni ina can ina fama da x da y a allo.

Abin da ya fi ci min rai ma ba wanda ke riƙe da wayar ba ne, na kusa da shi ne. Waya ɗaya in ta yi haske a ƙarƙashin tebur, kai shida ne ke sunkuyawa. Lissafi kuwa tsani ne, in mataki ɗaya ya kuɓuce maka sauran darasin sai dai ka yi ta kallon bakin malam. Darasin minti arba'in ne, goma sun tafi wajen tsawatarwa.

Ban goyi bayan guduma ba. Amma ajiyewa zuwa ƙarshen zango, in an ce da kai mako ɗaya ne, gobe ma za ta zo da ita.

Baban_Walida:
Malam na ji bayaninka, Allah ya saka. Sai dai laifin wani ne ke shafar wani ke nan. Tawa ko rediyo ban taɓa jin ta kunna a wayar ba.

Ɗan_Mafara:
Hajiya UmmuSudais, ina da gyara kaɗan. Ni mutumin Talata Mafara na, Jangebe cikin ƙaramar hukumarmu take. Makarantar kwana ta, kuma cikin dare anka zo. Ko kowace yarinya na da waya biyu ƙarƙashin matashi, mi za ta hana? Mutanen ga abin da suka fara amsa hannun mutum shi na waya. Abin da ka tsare makaranta katanga ta da jami'an tsaro da labarin da mutanen ƙauye ka bayarwa da wuri. Waya hankalin uwa kawai takan kwantar, ba ta tsare ɗiya.

UmmuSudais:
To kwanciyar hankalin uwar ba komai ba ce? Kuma ni maganar hanya nake, ba cikin makaranta ba. Keke ya lalace, ko an tare hanya, ko an tashe su da wuri. Yarinya budurwa ta tsaya bakin titi tana roƙon wani ƙato ya ara mata waya, shi ke nan lambar gidanku da fuskarta sun shiga hannunsa.

Anti_Mataron:
Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, ban musa ba. Amma wayar tana da nata tashin hankalin. Akwai ranar da wata yarinya ta sami saƙo wai an ga mashina sun nufo gari. Kafin shugabar makaranta ta ji, labari ya zaga ajujuwa, yara suka ɓarke da gudu, wata ta karye a hannu wajen tsallake taga, iyaye suka cika bakin ƙofa da ababen hawa. Ashe 'yan rakiyar amarya ne. Da ta hannun hukumar makaranta labarin ya biyo, da an bincika kafin a furta.

MaiCaji_Kwana:
Hhhh ku dai ku yi ta muhawara, mu muna nan muna cin abinci. Rumfata tana kusa da wata makaranta. Da safe yara kan kawo wayoyinsu in sa musu caji in ba su lamba, in an tashi su biya su karɓa. Wasu ranakun teburina ya fi durowar mataimakin nan cika. Abin da zan faɗa wa iyaye shi ne, da yawan wayoyin nan gida ba a san da su ba. Akwai wadda a wurina take kwana, ranar Juma'a kaɗai mai ita ke tafiya da ita. Na tambayi yarinyar wa ya saya mata, ta ce yayanta. Yayan da na ga yana sauke ta a mota dai bai yi kama da ɗan gidansu ba.

Sarkin_Yaƙin_Tudu:
Kai kuma da ka ajiye mata, ai da kai aka haɗa baki.

MaiCaji_Kwana:
Yallaɓai in ban karɓa ba na gaba da ni zai karɓa. Amma ka faɗi gaskiya, abin ya tsaya min a rai. Na san wani kawunta, ina tunanin yadda zan ɓullo masa.

Injiniya_Kaura:
Ni ta wani ɓangaren zan duba. Ina da shagon kwamfuta a Kauran Namoda, duk shekara ni ke fama da masu rajistar JAMB. Tun 2015 jarabawar nan gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Kafin ma yaro ya yi rajista sai ya tura lambarsa ta NIN ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019 a ba shi lambar da zai ci gaba da ita, kuma layin nan shi zai riƙe har ya sami gurbi. WAEC ma ta fara gwada kwamfuta da masu zana jarabawa na ƙashin kansu a 2024. To mun hana yaro taɓa duk wani abu mai allo shekara shida, rana ɗaya mu zaunar da shi gaban na'ura mu ce ya yi gasa da ɗan Legas? Na ga yarinyar da hannunta ke rawa a kan madannai har ta fashe da kuka, alhali a takarda ta fi kowa a ajinsu.

Malam_Mai_Lissafi:
Injiniya, shafa TikTok ba ya koya wa yaro zama gaban kwamfuta. Waɗanda suka fi kowa iya waya a ajina su ne na ga sun fi rikicewa a jarabawar gwaji. Ita JAMB ɗin ma ai ba wani abu ba ne, danna A, B, C, D ne sai N na gaba da P na baya, yini biyu ya isa a koya wa yaro. Abin da ke kayar da su rashin iya karanta tambayar ne. Abin da kake nema ɗakin kwamfuta ne mai wuta, ba waya a aljihu ba.

Injiniya_Kaura:
Na yarda, amma ina ɗakin? Inda aka kai kwamfutocin ma sau da yawa suna lulluɓe da ƙura, ba wuta ba mai koyarwa. Kafin a gyara wannan, wayar ita ce kwamfutar talaka.

Ɗalibar_Kimiyya:
Assalamu alaikum iyayena da malamaina, ku gafarce ni in sa baki, bara na gama sakandare. Maganar Injiniya ita ce rayuwata. Har muka gama aji shida sau ɗaya muka shiga ɗakin gwaje-gwaje muka haɗa sinadari da hannunmu, shi ma ana saura mako biyu jarabawa. Yadda ruwan ke sauya launi in an ɗiga masa asid, a wayar yayata na fara ganinsa, na maimaita bidiyon ya fi sau goma. Littafin Bayoloji ɗaya muke karɓa-karɓa mu huɗu, sai muka ɗauki hotunan shafukan. Tambayoyin shekarun baya ma a waya na yi su. Amma fa duk a gida ne, bayan Isha'i, kuma Mama na zaune kusa da ni. A aji kam gaskiya ban taɓa ganin wadda ta fito da waya don karatu ba. Hoto ne da hira.

Sai abu ɗaya, Malam kada ka ji haushi. Akwai malaman da za su ba shugabar aji littafi ta kwafa mana a allo, su kuma su zauna bakin ƙofa suna WhatsApp har a kaɗa ƙararrawa. Su wa zai karɓe tasu?

Malam_Mai_Lissafi:
Ɗiyata ba ki yi ƙarya ba. Akwai su, kuma kunyarsu muke ji.

Bafaden_Anka:
Ku tuna lokacin da anka kashe sabis a jihar ga baki ɗaya, watan Satumba na 2021. Wallahi sai ga yara sun koma wasan ƙwallo da langa, dare na yi kowa ya kwanta. Ɗana da ba ya iya haddace rabin shafi sai ga shi yana kawo shafi guda. Wanga ya isa hujja.

Ɗan_Mafara:
Bafade, hadda kam na yarda. Amma ba za ka kafa hujja da boko ba, don lokacin makarantun ma rufe suke. Ranar 1 ga watan anka ɗauki ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnatin Matawalle ta rufe makarantu, bayan kwana biyu sabis ya ɗauke. Ba waya, ba aji. Kuma ka manta wahalar da munka sha? Mutum ya hau mota har Sakkwato don ya kira waya ko ya tura kuɗi.

Dr_Sambo_Waje:
Don a san ba mu kaɗai ke wannan ja-in-ja ba. Faransa ta kafa doka tun 2018 da ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare. Chaina ta hana shiga da ita makaranta a 2021 sai da rubutaccen izinin iyaye, kuma ko an zo da ita ba a shiga da ita aji. Holan ta bi sahu a farkon 2024. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya ce a bar na'ura a aji ne kawai in tana taimakon karatun. Ku lura, waɗannan ƙasashe ne da yaransu ba su rasa intanet ba, su ne kuma ke janye ta daga aji. Tsarin Chaina ya fi kama da abin da Baban Walida ke nema: uba ya rubuta, yarinya ta zo da ita, makaranta ta ajiye, in an tashi a ba ta.

Injiniya_Kaura:
Dakta su da suka hana suna da laburare da littafi a hannun kowane yaro. Wanda ya ƙoshi ne ke zaɓen abin da zai bari a kwano.

Sarkin_Yaƙin_Tudu:
Kullum sai an kawo mana Turawa. Da can da malamanmu suka faɗa ba ku ji ba, sai da Faransa ta faɗa.

Mai_Sa_Ido:
Ba wanda ya taɓo satar amsa, ni kuwa nan ne nake ganin ɓarnar. Na sha yin aikin sa ido a WAEC da NECO. Da can ɗan guntun takarda ne a cikin hula ko rubutu a cinya. Yanzu ana buɗe ambulan, wani ya ɗauki hoton tambayoyi, kafin rabin awa amsa ta dawo ta WhatsApp, aji guda su kwafi abu ɗaya har da kuskuren. Na taɓa lura da wata tana ta gyara hijabi ta gefen kunne, na sa malama ta duba, sai ga abin sauraro ɗan mitsitsi, wayar kuma an ɗaure ta da tsumma a damtse. Dokar hukumomin nan a fili take, in an kama ka da waya a ɗakin jarabawa, ko a kashe take, sakamakonka na iya tafiya gaba ɗaya. Abin takaicin, yaron tun aji huɗu ya sa a ransa amsa za ta zo ta waya, don haka bai ga dalilin wahalar da kansa ba. Kuma wasu iyayen su ke biyan kuɗin shiga rukunin da ake turo amsar. Gwamnati ta yi ta fama ta biya bashin kuɗin jarabawa don a saki sakamakon yara, mu kuma mu tura su da abin da zai sa a soke shi.

Abu_Ammar:
Game da fasawa da guduma, ina ganin a yi hattara. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Mugira ɗan Shu'uba, cewa Allah ya ƙi mana abu uku: ka-ce-na-ce, da yawan tambaya, da tozarta dukiya. Wayar nan dukiyar uba ce, ba ta yaron ba ma. A karɓe a ajiye ladabtarwa ce, a farfasa kuwa ɓarna ce. Amma Baban Walida, ina da tambaya: ranar da ka kai ta makarantar, ka sa hannu a takardar dokoki? In ka sa, kuma hanin yana ciki, to musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Baban_Walida:
Malam na sa hannu kam. Karantawa ce ban yi ba, shafi huɗu ne da Turanci, ga layi a bayana.

Gwaggon_Yara:
Hhh Alhaji ka kayar da kanka da kanka.

Anti_Mataron:
Bari in ƙara ɗaya, don iyaye mata su ji. Na yi shekaru ina kula da ɗakin kwanan 'yan mata. Ranar dawowa hutu mukan zazzage kaya a bakin ƙofa. Na ciro waya a cikin garin kwaki, na ciro a tsakiyar burodin da aka rarake, na ciro a cikin kwalin sabulun wanki an mayar an liƙe. Caji kuwa, sai su kwance mazaunin ƙwan fitila su jona wayar wuta biyu tsirara, Allah ne kawai ya tsare ba a yi gobara ba. Duk wannan mai sauƙi ne. Wanda ba na mantawa, wata ta ɗauki hoton ƙawarta tana barci da ɗaurin ƙirji, wai wasa. Da suka yi faɗa ta tura wa wani, wani ya tura wa wani, har ya kai wayar yayan yarinyar. Uban ya zo ya tafi da ita a ranar, ko akwatinta bai tsaya ɗauka ba. Yarinyar da ke ta ɗaya ko ta biyu a aji. Ba ta dawo ba. Mun kori wadda ta ɗauka, to sai me? Tun daga ranar in na kama mai kyamara ba na sauraron roƙon kowa. Lambata na ba iyaye, ranar Asabar da Lahadi bayan La'asar yara su yi layi su gaisa da gida.

UmmuSudais:
Innalillahi. Anti wannan ya sanyaya min jiki. Ni dai har yanzu ina kan bakata a kan ƙaramar waya ga 'yan jeka-ka-dawo, amma mai kyamara kam a'a.

Gwaggon_Yara:
Ni abin da ke ba ni mamaki, duk mun taru a kan awa shida na makaranta mun bar sauran sha takwas. Malam Mai Lissafi, yaran da ke gyangyaɗi a darasin farko fa, a makaranta suka kwana? Jikana nan sai da na tashi ƙarfe biyun dare na ga haske na fita ta ƙarƙashin bargo. Uwarsa ta ce wai karatu yake. Na ce miƙo in ga karatun. Tun ranar wayar a ɗakina take kwana, tare da carbina. Data ma da ta yi tsada tun ƙarin da aka yi a 2025, kuɗin karin kumallonsa yake tarawa ya saya, ya wuni da yunwa.

Malam_Mai_Lissafi:
Gwaggo Allah ya ƙara girma. Da kowane gida akwai irinki da durowar nan ba ta cika ba.

Baban_Walida:
Na gode ƙwarai jama'a. Na koma ɗazu tare da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Sun ba ni layin, wayar dai sun riƙe. Na kawo shawarar Dakta, a riƙa ajiyewa a ofis da safe a karɓa in an tashi. Shugaban makaranta ya ce ɗalibai sun fi dubu, wa zai zauna yana karɓa yana rubutawa, kuma in ta ɓata wa zai biya? Ya ce a kawo maganar taron iyaye na gaba. Kafin nan na karɓi lambar malamar ajinsu da ta mai Keken da ke ɗauko ta.

MaiCaji_Kwana:
Alhaji in makarantar ta kusa da ni ce a kawo, ina da lamba da akwati mai kwaɗo.

Sarkin_Yaƙin_Tudu:
Ka ji ɗan kasuwa.

Ɗan_Mafara:
Shugaban ga yana da hujja wajen ɓata. Amma mi zai hana a raba wa malaman aji, kowa ya riƙe na ajinai? Waɗanda ka zuwa daga nesa ai ba su kai goma ba cikin aji.

Malam_Mai_Lissafi:
Ɗan Mafara, ranar da aka ce na nesa kaɗai, kowa zai koma ɗan Damba. Kuma ni da ko durowa mai makulli ba ni da ita a ɗakin malamai, a aljihu zan zuba su?

UmmuSudais:
Baban Walida yaushe ne taron? In makarantarmu ɗaya ce ina so in zo, ka turo min sunanta ta gefe.